Zan iya shiga jirgin ruwa da akwatunana a hannu, ko dole sai na miƙa wa 'yan dako?

Malam_Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa hawa jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa. 'Yata da ke aiki a Ingila ta biya mana, ni da mahaifiyarta, kwana bakwai a cikin ɗaya daga cikinsu. Zai tashi daga Basalona, ya zaga ta Faransa da Italiya, ya dawo inda ya tashi. Biza ta fito, alhamdu lillahi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kaya. Ta turo wasu takardu ta ce mu buga su, mu naɗe, mu maƙala a hannun kowane akwati, wai muna isa tasha akwai ma'aikatan da za su karɓe akwatunan, sai da yamma mu tarar da su a ƙofar ɗaki. Ni kuwa na taɓa rasa akwati a tafiyar jirgin sama, kwana tara na yi a ƙasar mutane ba kayan sawa, har da takardun aikin da na je yi a ciki. Tun daga lokacin ba na son kayana su ɓace wa idona. In na ce ni zan ja abina da kaina har ɗaki, za su bari? Akwati biyu ne manya, kowanne kilo 23, sai ƙaramar jaka ɗaya ɗaya. Hajiya kuma tana fama da gwiwa.

Injiniya_Kwangila:
Wa alaikumus salam Malam. Ba wanda zai tilasta muku miƙa kaya. Sharaɗin dai shi ne duk abin da mutum zai shiga da shi a hannu sai ya bi ta na'urar duba kaya da ke zauren fasinjoji, kuma bakinta ba shi da girma. Kamfanin jiragen ruwa na Carnival, alal misali, ya rubuta cewa kada jaka ta wuce inci 16 a tsaye da inci 24 a faɗi, wato kusan santimita 40 da 60. Akwatin kilo 23 in an kwantar da shi, wani ya shige, wani ya cije. In ya cije za a ce ku koma waje ku miƙa shi, kun rasa layinku ke nan.

Maman_Hanifa:
Baba, Allah ya kai ku lafiya. Mu daga Dubai muka hau, ni da maigidan da yara uku. Maganar na'ura ƙarama ce a kan abin da ke jiran mutum a ciki. Jirgin nan da safiyar ranar ya sauke dubban mutanen da suka gama tasu tafiyar, masu gyaran ɗakuna suna ta canza zannuwan gado da wanke banɗaki. Mu an shigar da mu wajen sha ɗaya da rabi, amma ba a buɗe hanyar ɗakuna ba sai bayan ƙarfe ɗaya. Wannan tsakanin a wurin cin abinci kowa yake zama, a can hawa na sama, wurin kuma maƙil yake. Na ga wata baiwar Allah da akwatuna biyu tana neman inda za ta ratsa tsakanin tebura, ta kasa barin kayan ta je ta ɗebo abinci, ta kasa tafiya da su. Ga lif, a ranar farko sai ka tsaya ya zo ya wuce sau uku a cike. Ku duba gwiwar Hajiya, don Allah. In hannuwanku biyu suna kan akwati, wane hannu za ta dafa?

Dan_Gyallesu:
Ni ban yarda da wannan tsoratarwar ba. Sau uku ina hawa, biyu daga Durban ɗaya daga Dubai, ban taɓa miƙa wa kowa akwatina ba. Ina shiga ɗaki nake jera kayana a kabad, na yi wanka, na canza, alhali maƙwabtana suna leƙen ƙofa har bayan magariba ko nasu ya iso. Malam, wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya ja da baya, kuna da hujjarku. Ku riƙe abinku.

Maman_Hanifa:
Yaya Dan_Gyallesu, akwati nawa kake tafiya da shi, kuma kai da wa?

Dan_Gyallesu:
Ɗaya, madaidaici, ni kaɗai.

Maman_Hanifa:
To ka gani. Kai matashi ne da akwati ɗaya mai taya huɗu. Su Baba mutum biyu ne da kilo 46, ban da jakunkunan hannu.

Injiniya_Kwangila:
Akwai kuma gadar da ake bi daga zaure zuwa cikin jirgi. Ba shimfiɗe take ba kullum, wani lokaci hawa ce mai lanƙwasa, ta danganta da tashar da kuma ƙofar da jirgin ya buɗe. Jan kilo 23 a kanta da hannu ɗaya aiki ne.

Nas_Shika:
Malam, ni abin da zan faɗa ya fi ƙarfin maganar akwati. Ko kun miƙa ko ba ku miƙa ba, magani ba ya shiga babban akwati, tun daga gida Samaru har ku dawo. Na hawan jini, na suga, na gwiwar Hajiya, duk su zauna a jakar hannu, a cikin kwalayensu na asali mai ɗauke da suna, kada a juye su a leda ɗaya. Ku karɓi takardar likita da ta jera sunayensu. Ku kuma ɗauki na kwanakin tafiya da ƙarin na wasu kwanaki, don jirgin sama yana iya ɓata muku lissafi a dawowa. Akwai asibiti a cikin jirgin ruwan, da likita, amma da kuɗi ake ganinsa kuma da tsada, ba lallai ne kuma a sami ainihin irin maganin da aka ɗora mutum a kai ba. In akwai mai yin allurar insulin, a sanar da kamfanin tun kafin tafiya saboda wurin ajiya mai sanyi, don ɗan firjin ɗakin ba kullum yake sanyin da ake buƙata ba. Tabarau ma a jakar hannu.

Malam_Samaru:
Allah ya saka da alheri, 'yata. Ni ne mai hawan jinin. Zan je a rubuta mana takardar a wannan makon.

Hajiya_Sabon_Gari:
Malam, ina gaida Hajiya. Bari in ba ku nawa labarin don kada ta faɗa inda na faɗa. Mun miƙa akwatuna uku, biyu suka iso kafin la'asar, na ukun shiru har bayan isha'i. Hankalina ya tashi, don duk atamfofina da lesuna suna ciki. Sai ga 'yar takarda a ƙarƙashin ƙofa, wai in sauko hawa na ƙasa wurin jami'an tsaro. Na tarar da layi, kowa an sa shi ya buɗe akwatinsa a gabansu. A nawa dutsen guga suka gani, da ɗan kaskon turaren wuta na lantarki. Suka karɓe, suka ba ni rasit, sai ranar sauka aka mayar mini. Ba su ci mutuncina ba ko kaɗan, amma na kwana da ɓacin rai. A jirgin ruwa babu abin da suke tsoro irin gobara, shi ya sa duk abin da ke zafi ko ke ci da wuta ba ya shiga: dutsen guga, hitar dafa ruwa, kyandir, gawayi, turaren tsinke. Hajiya ta haƙura da turaren wuta na mako ɗaya, ta riƙe humra da turaren fesawa.

Dan_Gyallesu:
Wannan ai hujjata ce, Hajiya. Da a hannunki akwatin yake, a bakin na'ura za su cire dutsen gugar a gabanki cikin minti biyu, ki wuce da kayanki, ba zaman zullumi har isha'i.

Hajiya_Sabon_Gari:
Gaskiyarka ta wannan wajen. Amma da na san dokar ai ba zan saka shi ba tun farko, kuma da akwatin ya iso tare da 'yan uwansa.

Bazazzagiya_a_Landan:
Ƙari a kan na Hajiya: wayar jona wuta mai baki da yawa, irin wadda muke saye a kasuwar Sabon Gari, ita ma karɓewa suke yi, musamman mai na'urar kare hauhawar wuta, saboda tsarin lantarkin jirgi ba irin na gida ba ne. Abin da za ku nema shi ne ɗan adafta, don soket ɗin ɗakin galibi na Turai ne mai rami biyu zagayayyu ko na Amurka, filoginmu mai ƙafa uku ba zai shiga ba. Fawa bank kuma a jakar hannu, wannan dokar jirgin sama ce ma tun daga Abuja.

Abu_Sumayya:
Ni tambayata daban ce, a yi haƙuri. Yaya ake yi da salla a irin wannan wuri, kuma abincin fa? Na ji ana cewa akwai mashaya da gidan caca a ciki.

Maman_Hanifa:
Akwai su, amma jirgin gari guda ne, hawa goma sha wani abu. Mu ba mu taɓa zama a wurin ba. Salla a ɗaki muke yi. Talabijin ɗin ɗakin yana da tasha mai nuna taswira da inda jirgin ya fuskanta, da ita maigidan yake gane alƙibla in wayarsa ta rikice. Abinci kuwa kifi, shinkafa, taliya, ƙwai, kayan lambu da 'ya'yan itace sun ishi mutum, kuma in an sanar da su da wuri wasu kamfanonin suna tanadar naman halal. Wannan ma ya dawo da mu kan jakar hannu: azahar za ta riski su Baba kafin akwati ya iso, wataƙila har la'asar. Sallaya mara nauyi da hijabin Hajiya su kasance a hannu. Buta ta roba kuma ba wanda zai hana, ku saka ƙarama.

Abu_Sumayya:
Na gode, 'yar uwa. Hukuncin kasaru da haɗa salla dai Malam ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Na ji kuma Saudiyya ta fara nata jirgin daga Jidda.

Injiniya_Kwangila:
Haka ne, AROYA sunansa, a Disambar 2024 ya fara zirga-zirga a Bahar Maliya.

Jikan_Mai_Takalmi:
Ambaton Jidda ya tuna mini da kakana, Allah ya jiƙansa. A ƙasa ya tafi Hajji daga Kofar Doka, ta Maiduguri, ta Chadi, ya ratsa Sudan yana tsayawa yana aikin gona ya tara guzuri, har ya kai gaɓar teku ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Mutanenmu da yawa ta Suwakin da Fot Sudan suka riƙa tsallakawa a wancan zamani. Yakan ce duk abin da ya mallaka ƙunshi ɗaya ne, da shi yake matashin kai a saman jirgin, don in ka saki ka saki ke nan. Ina ganin wannan tsoron rabuwa da kaya gado muka yi, kuma a tashoshinmu har yau yana da amfani. Wanda ya taɓa sauka a Kwangila da dare ya san ba a sakin jaka a hannun wanda ba a sani ba.

Malam_Samaru:
Allah ya jiƙan kaka. Ka faɗi abin da ke raina. Ni a saninmu ɗan dako kana biye da shi ne, idonka a kan kayanka har ya sauke. A ce ka ba mutum akwati ya shige da shi wata ƙofa, kai ka bi wata, shi ne zuciyata ta kasa ɗauka.

Bazazzagiya_a_Landan:
Baba, bari in bayyana muku yadda abin yake tafiya, wataƙila hankalinku ya kwanta. Ɓatan akwati a jirgin sama ya fi faruwa a wurin canjin jirgi: an sauke shi a Istanbul ko Kasablanka, ba a ɗora shi a na biyun ba, ko an ɗora a na wata ƙasa. A tashar ruwa babu wannan. Daga inda kuka miƙa zuwa cikin jirgin tafiyar 'yan mitoci ce. Ana loda akwatunan a manyan kejin ƙarfe, a bi da su ta babbar na'urar dubawa, a tura su ta ƙofar gefen jirgi, ma'aikata su rarraba su hawa hawa bisa lambar ɗakin da ke jikin takardar nan da 'yarku ta turo. Abin da ke sa akwati ya makara biyu ne: ko takardar ta tsinke, ko an ga haramtaccen abu kamar dutsen gugar Hajiya_Sabon_Gari. In ta tsinke, akwatin yana cikin jirgi, yana ajiye a wurin masu karɓar baƙi, sai ka je ka nuna naka. Saboda haka ku lulluɓe takardar da salatif mai gani-har-hanji ta yi ƙarfi, ku saka wata kwafi a cikin akwatin da suna da lambar ɗaki, ku ɗauki hoton akwatunan a waya. Abu ɗaya da zan ja kunnenku a kai: a Basalona jirage da yawa sukan tsaya a jere a tashar da ake kira Moll Adossat rana ɗaya, kowanne da zaurensa. Ku tabbatar mai tasi ya sauke ku a zauren jirginku, ku kuma tambayi wanda zai karɓi kayan sunan jirgin kafin ku saki. Kada kuma ku maƙala takardun tun daga Zariya, masu lodin jirgin sama za su yage su. Sai safiyar ranar, a otal.

Hajiya_Sabon_Gari:
A ɗaura ƙyallen atamfa a hannun akwatin, yadda muke yi a aikin Hajji. Baƙaƙen akwatuna sun fi dubu a wurin, amma ba mai atamfar Hajiya sai ita.

Talatu_Wusasa:
Ni nawa ya iso a kan lokaci amma taya ɗaya ta karye, kuma gefensa ya jiƙe don ana ruwa a ranar. Na kai ƙara, suka rubuta, suka gyara tayar kafin mu sauka. Ba na cewa kada a miƙa, amma abin fashewa ko na'ura mai tsada kada ya shiga ciki, don jifa da ɗora wani kan wani ba a rasa su ba.

Dalibi_Kongo:
Don Allah nawa ake ba 'yan dakon?

Injiniya_Kwangila:
A tashoshin Amurka irin Miyami al'ada ce a ba da dala ɗaya ko biyu a kan kowane akwati. A Turai ni ba wanda ya miƙo mini hannu. In Malam ya riƙe 'yan canjin yuro ya ba da na goro, ba laifi.

Mai_Kilishi_PZ:
Malam in za a tafi a biyo ta wurinmu a yi guzurin kilishi da dambun nama, mako ɗaya ba abincin gida ai da wuya.

Bazazzagiya_a_Landan:
Kada ku soma, Baba. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga ƙasashen waje irin namu, busasshe ne ko ɗanye. Tun a filin jirgin Basalona za a iya karɓewa, har da tara. Jirgin ruwan ma ba ya son abincin da aka haɗa a gida. Ɗan yaji a rufaffen mazubi shi ne abin da ni nake ɗauka.

Mai_Kilishi_PZ:
To a saya in an dawo. Allah ya kiyaye hanya.

Kyaftin_Hanwa:
Na yi shekaru ina aiki a jiragen dakon kaya kafin in dawo gida, bari in ƙara abin da ba a taɓo ba. Kafin jirgin ya tashi dole kowane fasinja ya halarci atisayen ceto, ya san wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar ceto. Dokar tsaron rai a teku ce ta duniya, an kuma tsaurara ta bayan jirgin yawon shaƙatawa mai suna Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. A cikin jirgin akwai ɗaruruwan da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Yanzu jirage da yawa kallon bidiyo ake yi a waya ko a ɗaki, sannan mutum ya taka da ƙafarsa zuwa wurin taruwa a duba katinsa. Wurin yana iya zama hawa biyar ƙasa da inda kake. Wanda ya shiga da wuri yana iya gama wannan tun ɗakuna ba su buɗe ba, in hannunsa sake yake. Malam, ku roƙa wa Hajiya taimakon keken guragu na ranar shiga tun yanzu ta hannun 'yarku. Tsakanin ƙofar zaure da cikin jirgi tafiya ce mai nisa ga mai ciwon gwiwa, kuma masu keken sukan bi layi na daban.

Dan_Gyallesu:
Ranka ya daɗe Kyaftin, akwai mafita ga duk wannan. Ai ana zaɓen lokacin shiga. Malam ya zaɓi ƙarfe biyu, lokacin layi ya ragu, ɗakuna a buɗe, ya wuce kai tsaye ya ajiye kayansa. Ba zaman jira da akwati a wurin cin abinci.

Maman_Hanifa:
Wannan dabara ce mai kyau, ban musa ba. Sai dai otal zai fitar da su wajen sha biyu, kuma dattawa biyu a baƙon gari ba na so su matsa kusa da lokacin rufe ƙofa. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa.

Injiniya_Kwangila:
Tunda an zo nan: Malam, wace rana jirginku na sama zai sauka Basalona? In ranar tashin jirgin ruwan ce, wannan ya fi maganar dako haɗari. Babu jirgi kai tsaye daga Abuja ko Kano, sai an canza a hanya, kuma a nan ne akwati ke makalewa. Ku isa da kwana ɗaya aƙalla, biyu ya fi. Ku kuma raba kaya: rabin naku a akwatin Hajiya, rabin nata a naku.

Malam_Samaru:
Kwana biyu kafin tashi za mu isa, 'yar tamu za ta same mu a can amma ba za ta hau tare da mu ba. Rabon kayan nan bai taɓa zuwa mini a rai ba, da na yi shi wancan karon da ban sha wahalar da na sha ba. Na karanta wa Hajiya duk abin da kuka rubuta. Ta ce nata akwatin dai miƙawa za ta yi, kuma hannuna take so ta riƙe a kan gadar. Nawa ne nake ta juyawa a rai. Na fara tunanin in rage kaya in koma ƙaramin akwati wanda zai shige na'urar.

Talatu_Wusasa:
Kwana bakwai ba ya cin kilo 23, Baba. Kaftani huɗu, rigar sanyi ɗaya saboda iskar teku da dare, takalmi mai daɗin tafiya. Akwai masu wanki da guga a ciki in an biya.

Hajiya_Sabon_Gari:
A tuna da ranar sauka ma. Daren ƙarshe ake cewa a fito da akwatuna ƙofar ɗaki da wata takarda mai launi, su kwashe cikin dare, sai a zauren tasha za a same su da safe. Hajiya ta ware kayan da za ku sa da safen, da magani da fasfo, kafin a rufe akwati. Wanda ya ga zai iya, yana riƙe nasa ya fita da shi da kansa, su ake fara sallama.

Dan_Gyallesu:
Da ƙaramin akwatin Malam zai iya duka biyun, shiga da fita. Ni har yanzu ina kan bakana, abin da ke hannunka shi ne naka.

Nas_Shika:
In dai hannu ɗaya ya rage wa Hajiya, ni ba ni da ja. Amma a auna akwatin har da tayoyinsa da mariƙinsa, a kuma duba takardar kamfanin da 'yarku ta biya, don kowanne da nasa awon.

Malam_Samaru:
Zan aiki yaro ya karɓo tef ɗin awo wurin telan ƙofar gida, in auna su duka biyun yau da dare. Bazazzagiya, salatif ɗin da kika ce, a lulluɓe takardar gaba da baya ne kafin a naɗe ta, ko bayan an maƙala?

Bazazzagiya_a_Landan:
Ku naɗe ta tukuna yadda layukan jikinta suka nuna, Baba, sai ku lulluɓe gaba da baya, ku zagaya ta a mariƙin sama, ba wanda ake zarowa a ja ba, sannan ku haɗe bakin biyu da sitefila ku ƙara salatif a kai. Lambar ɗakin ta kasance tana kallon waje. Ku buga kwafi biyu biyu, ɗaya ya zauna a jakar hannu.